Saɓa Ashirin da Uku

"Ina saɓata, Kelepi?"

Bronte Direen ba ta ɗaga murya ba. Tana tsaye a ɗakin sanyi da safiyar Litinin, numfashinta na fita kamar hayaƙi, kwalba mai lamba goma sha huɗu a hannunta. Ruwan garau. Kiril ɗin ciki na ta iyonsa, ɗan jatan landen tekun ƙanƙara wanda bai kai tsawon yatsanta ba.

Kelepi Fonua, makanikin injinan sanyi na cibiyar binciken teku da take aiki, yana bakin ƙofa cikin gajeren wando kamar kullum. Da murmushi ya shigo.

"Wace saɓa?"

"Farin abin da ke kwanciya a gindin kwalabe..."

"Dattin? Na kwashe miki Asabar da Lahadi. Tas."

"Ka kai ina?"

Ya nuna magudana.

Ta ajiye kwalbar a hankali, don kada ta jefe shi da ita.

Kiril sittin take kiwo, kowane da kwalbarsa. Idan ɗaya ya tuɓe tsohuwar fatarsa kamar maciji, sai ta tsince saɓar ta auna wutsiyar, ta san ko ya girma ko ya ragu. Wannan ne zagayen ƙarshe, daga yau za a sauya musu abinci. Ashirin da uku suka tuɓe a kwana biyun da ta tafi gida Huon bikin cikar mahaifinta shekara saba'in. Babu su, gwajin bai cika ba. Gwajin bai cika ba, babu gurbinta a jirgin ruwan bincike da zai tafi kudu a Disamba.

"Zuciyata..."

"Riƙe zuciyarka. Fita."

Wata takwas suna soyayya, ba ta taɓa ce masa ya fita daga ko'ina ba.

Ya fita.

Da azahar ya dawo, hannayensa jajir. Ya kwance bututun magudanar gaba ɗaya, ya tsince abin da mataci ya tare, ya zubo a robar askirim. Ta leƙa. Suna nan, a cakuɗe da juna.

"Wacce ce ta kwalba ta goma sha huɗu?"

Ya daɗe yana kallon robar.

"Duk kamarsu ɗaya."

"To ka gani. Saɓar da ba lamba shara ce."

Dariya ta so ƙwace mata ganin ƙaton mutum riƙe da robar askirim kamar mai kai gaisuwar mara lafiya. Ta juya baya. Kuka ne ya zo.

Mahaifinta, Gordon, manomin tuffa, bai ɓoye ra'ayinsa a waya ba. Ya ce tun ranar da ya ga mutumin ya cinye rabin gasasshen ɗan rago bai furta kalma goma ba ya san akwai matsala. Ya ce wanda bai san hatsi da ƙaiƙayi a aikin mace ba, ba zai san su a gidanta ba. Kada ya ƙara ganin motarsa a gonar.

Dakta Piers Lovell kuwa kofi ya riƙa kawo mata kullum. Shi ne na gaba da ita a jerin masu jiran jirgi, shi ne kuma wanda ta ƙi soyayyarsa bara. Ya yi ta jajantawa. Ya ce laifinsa ɗaya, da ya bar ƙofa a buɗe ranar da ta damƙa masa kwalaben. Ya ce masu riƙe sifana irin Kelepi ba su da mugun nufi, kai ne kawai babu. Idan tana so, zai sa sunanta a takardar bincikensa in ya dawo daga kudu, sai su tattauna a gidan cin abinci na bakin ruwa.

Kwana tara ba ta ɗaga wayar Kelepi ba. Shi ma sau biyu kawai ya kira.

A rana ta goma tana tsince sabuwar saɓa da bututun gilashi mai faɗin baki, hannunta ya tsaya.

Ta ƙirga kwalaben. Sittin. Duk da rai.

Ita da kanta, makonta na farko a wannan aiki, kiril huɗu ta kashe kafin ta iya zuƙo saɓa ba ta taɓa mai ita ba. Sai an karkata kwalba, an jira ya hau sama, a shiga ta gefe. Ba abin da mutum ke ganewa da ka ba ne. Sai an nuna masa.

Ta same shi a bayan gini yana cin sanwici a kan akwatin kayan aiki.

"Wa ya koya maka karkata kwalba?"

Ya ci gaba da tauna.

"Kelepi Fonua, da kai nake."

"Dakta Piers."

"Me ya ce maka?"

"Ya ce yana sauri. Ya ce kin tsani datti, za ki ji daɗi in kin dawo."

"Shi ne ka yi shiru kwana goma?"

"Hannuna ne ya zubar."

"Kai wane irin mutum ne?"

"Na injin sanyi."

Ta zauna gefensa, ta ƙwace rabin sanwicin. Ba ta ce ta yafe ba. Ta dai cinye.

Da maganar ta kai gaban shugabar sashe, Piers ya ce wasa ne ya wuce gona da iri, daga baya ya ce ba a fahimce shi ba. Aka cire sunansa daga jerin. Amma hakan bai mayar wa saɓa lambarta ba. Shugabar ta ce wa Bronte gwaji sai an sake daga farko, wata huɗu, jirgi kuma sai baɗi.

Ranar da jirgin ya tashi, Bronte ta tsaya a bakin tashar jiragen ruwa ta Hobart tana ɗaga wa abokan aikinta hannu har ya wuce bakin kogi. Kelepi na bayanta da kifi da dankali a takarda.

"Kina kuka?"

"Iska ce."

"Babu iska."

"To ka kawo dankalin."

Tun daga nan, ƙarfe shida na safe, kafin ya duba injinansa, sai ya shiga ɗakin sanyi. Ita ta zuƙo, shi ya rubuta lamba a jikin 'yar kwalbar ajiya, ya karanta da ƙarfi, ta amsa. Har ya san halinsu. Ya ce na bakwai malalaci ne, na talatin da ɗaya kuma halin Gordon gare shi, ba ya son baƙo.

Gordon ɗin da kansa ya zo a watan Fabrairu, ba sanarwa, da kwandon tuffar tsinkar farko. Ya ce ya zo ganin ƙwarin da suka cinye masa 'ya. Aka ba shi rigar sanyi. Ya tsaya a kusurwa rabin sa'a yana kallon waɗancan manyan hannaye suna rubuta 'yan mitsi-mitsin lambobi.

"Kullum kake zuwa?"

"Kullum, Baba."

"Ban zama babanka ba tukuna. Ba ka jin sanyi da wannan wandon?"

"Ina ji."

"To me ya hana ka sa dogo?"

"Na saba."

Gordon ya dubi 'yarsa. Ya ce shekara arba'in yana ɗaukar masu tsinkar tuffa, wanda ya yi ɓarna yakan gudu ne, bai taɓa ganin wanda ya dawo kwana saba'in a jere ba. Ya ce Lahadi akwai ɗan rago, amma guda biyu zai gasa, ya koyi darasi.

Bayan ya fita, ɗakin ya yi tsit sai ƙugin inji.

"Talatin da takwas," in ji Kelepi.

"Talatin da takwas."

"Baɗi za ki yi wata biyar a kudu."

"Haka ne."

"Wa zai riƙe miki su?"

"Ban sani ba... ba kowa nake ba wa ba."

"Miji fa?"

Ta ɗago. Kunnuwansa sun yi ja, ba kuma sanyi ba ne.

"Neman aure ne wannan, ko neman aiki?"

"Duka."

"Kai, masoyina... a ɗakin sanyi?"

"Nan kike."

A watan Afrilu aka ɗaura auren, a gonar Huon, tsakanin layukan tuffa. Dangin Kelepi suka zo mota tara, suka yi waƙa har Gordon ya nemi hankici. Ƙarfe biyar na yamma amarya ta fara duba agogo, hankalinta na kan kwalabenta. Kafin ta yi magana ango ya riga ya ɗauko mukullin mota.