Igiyar Sajan

Da Baba Meshak, maigadi a tashar jirgin Kafanchan, ya rasu a 1974, na karɓi ƙaton karensa, Sajan, saboda 'yata Afiniki ta sha kuka. Digirina bai koya mini cewa irin karen 'yan sandan nan ma'aikaci ne ba. Ranar da ba a fita da shi sintiri ba, kujera yake ci. Haka malamin sakandare ya koma bin layin dogo kullum dare, yana hamma.

Wani dare muka tarar da wani mutum riƙe da fitilar da ba ta haska komai. Sajan, wanda ko fasto bai ƙyale ba, ya kwanta yana kaɗa wutsiya.

"Malam, ka gaji," in ji mutumin. "Kawo igiyar in ƙarasa zagayen."

Na gaji ɗin kuwa. Har na miƙa, sai na tuna Afiniki za ta fito da kwanon tuwonsa da safe. Na janye hannu.

Mutumin ya matso. Tsakuwar layin ba ta yi ƙara ba.

"Kun bar shi ya yi ƙiba," ya ce, da muryar Baba Meshak.