Wadda Ta Biyo Kwandon Kaji

Kwana tara ke nan da kawo kajin. Magariba ta kawo jiki, matar Kafinta na tsugune a bakin akurki da ɗan kwanon ruwan gishiri mai ɗumi da auduga. Ta matse wata jar kaza a hammata tana goge mata kwantsar da ta manne ido. Kazar ba ta ko yunƙurin ƙwacewa. Baki kawai ta buɗe tana jan numfashi, ƙirjinta na ƙara kamar tukunyar da ta fara tafasa.

Kaji takwas ne har da zakara. Kafinta ya sayo su a hannun magadan wata tsohuwa da ta rasu, ranar da aka kira shi ya cire ƙofofi da tagogin gidanta kafin a rushe shi. Aka haɗa masa da wani tsohon kwando baƙi wanda tsohuwar ke kife su a ciki. Ya shigo gida yana washe baki, wai ya yi tsintuwa. Matarsa ta dubi kajin, ta dube shi, ta ce, "Araha ba ta ado, maigida." Ya ce ita dama ko zinariya aka kawo mata sai ta nemi inda ya yi tsatsa.

Cikin kwana biyu ya haɗa musu akurki a bayan gida, katako a jikin katako, ko sauro sai ya nemi izini kafin ya shiga, don tsoron muzuru. Ya kwaso garin katako daga shagonsa ya shimfiɗa musu. A kwana na uku aka fara jin atishawa. A na biyar idanu suka kumbura, kumfa na taruwa a gefensu, majina na toshe hanci.

Likitar dabbobi ta zo, wata doguwar mace mai taƙaita magana. Ta leƙa akurkin, ta ja da baya tana toshe hanci. Ta ba da garin magani a riƙa zubawa a ruwan sha, da man shafawa a ido. Ta ce a ware masu ciwo, a ƙona mazuban ruwa da tafasasshen ruwa kullum, a kwashe garin katakon nan domin ƙurarsa ke shiga musu ƙirji. Sannan ta ƙwanƙwasa bangon akurkin da yatsa.

"Baba, akwati ka gina musu. Ka cire katako biyu ta kowane gefe, ka sa ragar waya, iska ta ratsa."

Shekara talatin Kafinta yana riƙe da zarto, ba a taɓa kushe aikinsa a gaban matarsa ba. Ya ce to, gobe. Goben nan kuwa kullum tana hanya.

Wannan yammacin Auta ta dawo daga shagon buga takardu inda take aiki, ƙafafunta sun yi nauyi. Ita kaɗai ta rage a gaban iyayen, yayyenta duk sun kama gabansu. Ta tafasa ruwa, ta ƙona mazuban kamar yadda aka ce. Da ta ga ya yi saura a tukunyar, sai ta nufi lungun katanga inda aka jingine tsohon kwandon, ta watsa masa. Bakinta bai motsa da bisimilla ba, gajiya ta hana.

Wani sauti ya fito daga lungun. Gajere ne, irin na tsohon da aka taɓa masa gyambo. Kajin duk suka yi tsit, har masu kakarin.

"Mama, kin ji?"

"Shiga ɗaki," in ji uwar, ba ta ɗago ba.

Ba su kai ƙofa ba dutse ya faɗo a kan kwanon rufin akurkin. Wani ya biyo. Sannan wani.

Kafinta ya zaga bayan katanga da sanda, ya tarar da layi wayam. Washegari ya tambayi maƙwabta, kowa ya ce bai ga komai ba. Amma da rana ta sake faɗuwa jifan ya dawo, ba sauri ba gaggawa, ɗaya bayan ɗaya, kuma a kan akurkin kaɗai. Tsakanin jifa da jifa ana jin tari a ciki, tarin mutum, busasshe mai tsawo. In an buɗe ƙofar, kaji ne kawai a takure, idanu a rufe.

Matar Kafinta ta daina cin abinci da yamma. Da asuba ta wanke idanun kajin takwas, da rana ta sauya ruwan magani, da yamma ta sake wankewa. Bayanta ya ƙage. Ta bar yi wa mijin maganar ragar waya, don ta gaji da jin gobe.

A rana ta uku da fara jifan Auta ta tashi da idon hagu a kumbure. Aka kai ta asibiti, aka duba, aka ba ta maganin ɗigawa, aka ce ta daina taɓa kaji. Da rana lafiya lau take, sai dai shiru. Da magariba ta yi sai numfashinta ya sauya, ya koma irin na jar kazar nan. Kwana biyu ana haka. Kaza ɗaya ta mutu, Kafinta ya binne ta a gindin katanga, ya ce da safe zai yanke sauran ya haƙa musu rami, kowa ya huta.

Da yammacin ranar uwar ta fito da kwanonta, ta tarar da Auta tsugune a bakin akurki, kanta ba ɗankwali. Tana kiran kajin ɗaya-ɗaya da sunayen da ba wanda ya taɓa ji a gidan, su kuma suna jan jiki suna zuwa. Muryar ba tata ba ce. Ta tsufa, ta dushe.

"Auta?"

Yarinyar ta juyo da ido ɗaya. "Ba ta nan. Ki ce wa mijinki ya ajiye wuƙa."

Kwanon ya suɓuce daga hannun uwar.

Kafinta da kansa ya je ya ɗauko Malam, wani dattijo da ke koyar da karatu a unguwar, wanda gwiwoyinsa suka daɗe da yi masa tawaye. Ya shigo yana dogara sanda, ya nemi kujera mai jingina kafin ya nemi mara lafiya. Aka shimfiɗa tabarma a tsakar gida, uwar ta riƙe kafaɗun 'yarta. Hasken yamma na ƙarshe yana janyewa daga kan katanga.

Malam ya fara karatu a hankali. Ya daɗe yana yi. Jikin Auta ya ɗauki rawa, yatsunta suka kafe a tabarma, kakarin ya ƙaru har uban ya kau da kai. Malam ya ɗaga murya. Can sai bakin yarinyar ya buɗe.

"Rage murya, Malam. Kai ka gaji, ni na gaji."

"Wace ce ke?"

"Sunana ba zai amfane ka ba. Shekara arba'in ina ƙarƙashin kwandon can. Mai gidan ta san da ni, ba ta taɓa tambayata ba, ban taɓa damunta ba. Ni ke kore mata shirwa da maciji. Ta mutu, aka rushe gidan. Ina zan je? Na biyo kajin."

"Kika shiga gidan mutane ba sallama."

"Su ma ba su yi sallama ba da suka watsa min tafasasshen ruwa a ido."

Uwar ta fashe da kuka. "Ba ta gan ki ba, baiwar Allah. Wallahi ba ta gan ki ba."

"Na sani, ta ƙona ni dai."

Malam ya gyara zama, ya shafa gwiwarsa. "An cuce ki ba da sani ba, ke kuma kin rama da sani. Wanne ya fi nauyi? Faɗi abin da kike nema, in mai yiwuwa ne mu ji."

Daga akurki zakara ya yi atishawa.

"Idonta a bakin idona."

"Ba za ki samu ba."

"To a zubar min da jinin zakaran."

"Ba a yanka wa kowa sai wanda ya halicci zakaran. Kin san wannan kafin a haifi kakana."

Muryar ta yi wata dariya da ta ƙare a tari. "Ni ma ba so nake ba. A gabana aka ƙyanƙyashe shi." Kan Auta ya juya a hankali zuwa inda Kafinta ke tsaye. "Wancan nake so ya ji. Ya kulle su a akwati suna shaƙar kashinsu da ƙurar katako. Kullum ina jifan rufin ko zai buɗe, shi kuma yana zagaye da sanda yana neman yaran maƙwabta. Mace ta zo ta gaya masa da bakin mutane, bai ji ba. Yanzu wai wuƙa."

Kafinta ya waiwayi matarsa. Ita ba ta dube shi ba, kuma rashin duban ya fi masa zafi.

"Ga abin da za a yi," in ji Malam. "Zai buɗe musu iska yanzu, kina gani. Ba za a yanka ko ɗaya ba, za a yi jinyarsu yadda likita ta ce, mai kwana ya tashi, marar kwana ya tafi. Ke kuma ki fita daga yarinyar nan, ki fita daga gidan nan."

"In ga sun warke tukuna."

"A'a."

"To a bar ni a bayan katanga. Ba zan shigo ba, ba zan yi jifa ba. Ranar da na ji numfashinsu ya daidaita, in kama hanya."

Malam ya dubi matar Kafinta, don ya lura ita ce mai ɗauke da gidan. Ta share hawaye da gefen zane, ta gyaɗa kai.

"Bayan katanga," in ji Malam. "In kika ƙetaro, zan dawo, kuma ranar ba zan rage murya ba."

Kafinta ya ɗauko guduma, matarsa ta ce ya kunna fitilar bayan gida. Ya sa bakin gudumar ya ɓanɓare katakon farko, ƙusoshin na kuka. Wani wari mai yaji ya fito ya daki fuskarsa har idanunsa suka kawo ruwa. Ya tsaya da katakon a hannu, ya daɗe a tsaye. Sannan ya ɓanɓare na biyu, da na uku, da na huɗu, ya jawo ragar wayar da ke naɗe a bayan ƙofa tun ranar da likita ta zo.

Malam ya koma karatu. Auta ta yi miƙa, ta yi atishawa mai ƙarfi sau uku, jikinta ya saki a hannun uwarta. Da ta buɗe ido, muryarta ce ta dawo, ƙarama.

"Mama, ƙishirwa."

Kafin ya tafi Malam ya ce a fitar da kwandon bayan katanga a ajiye, kada a ƙona. Ya ce wa Auta ta riƙa ambaton Allah kafin ta zubar da ruwan zafi, ko da gajiya ta kai mata wuya. Ya ƙi karɓar komai sai rakiya, saboda gwiwa.

Idon Auta ya sace cikin kwana huɗu, amma ba ta ƙara taka bayan gidan ba. Jinyar ta koma kan iyayen. Kafinta ya kwashe garin katakon da kansa, ya zuba manyan ɓawon katako busassu, ya haɗa wani ɗan keji daban ya ware waɗanda ciwonsu ya fi tsanani. Da asuba shi ke riƙe kaza, matarsa na shafa magani. Likitar ta sake zuwa, ta dubi ragar, ta ce, "Yauwa."

Biyu suka ƙara mutuwa. Biyar suka tashi, har da zakaran, wanda ya yi sati uku kafin ya gwada cara, ita ma a shaƙe.

Wata yamma, wajen kwana ashirin da zuwan Malam, matar Kafinta na watsa musu tsaba sai duk biyar ɗin suka bar ci lokaci ɗaya. Suka ɗaga kai suka fuskanci katanga. Sannu a hankali kawunansu suka riƙa juyawa tare, daga lungu zuwa tsakiya, daga tsakiya zuwa ƙarshen katangar inda layi ya yi kwana, kamar masu bin mai tafiya da ido. Suka daɗe suna kallon wajen. Sannan suka sunkuya suka ci gaba da tsattsaga.

"Allah ya kiyaye hanya," ta faɗa a hankali.

Kafinta ya leƙo daga ƙofar ɗaki. "Da wa kike magana?"

"Miƙo min kujera, maigida," in ji ta. "Ƙafafuna sun gaji."