Masu Faci a Cikin Jini

Akwai wata yarinya 'yar aji huɗu. Ita ce ƙarama a gidansu, shi ya sa kowa yake kiranta Auta. Babanta mai facin taya ne. Rumfarsa tana bakin titi, ba nisa da gida.

A bayan rumfar akwai wani fili da ake zuba tsofaffin tayoyi da ƙarafa. Kullum Baba yana ja mata kunne.

"Auta, ban yarda ki shiga can ba. Ƙarfe bai san yaro ba."

Wata rana bayan an tashi daga makaranta, Auta ta hango wani jan fure ya fito daga cikin wata tsohuwar taya a filin nan. Nan da nan ta tuna da Mama. Mama tana da wani ɗan kofin gilashi a kan taga. Baba ne ya kawo mata shi da fure a ciki, tun kafin a haifi Yaya, wan Auta. Kofin ya daɗe babu komai.

Auta ta leƙa. Baba ya duƙa a kan baho, yana neman huda a jikin taya. Sai ta lallaɓa ta shiga filin.

Ba ta kai ga furen ba. Wata waya mai tsatsa ta yanke ta a saman idon sawu. Ta cije leɓe, ta goge jinin da takarda, ta ja safa ta rufe. Ta koma gida ba fure, sai ciwo.

Kwana uku ciwon yana kumbura. Idan ba kowa, Auta ta yi ɗingishi. Idan Mama ta shigo, ta miƙe tsaf.

"Ke kuma safa a wannan zafin?" in ji Mama. "Ko ƙafar taki gwal ce ake ɓoyewa?"

"Sanyi nake ji, Mama."

A rana ta huɗu suka yi rigima da Yaya a kan abin goge rubutu. Yaya ya riƙe hannunta ya karɓe kayansa. Iyakar abin da ya faru ke nan.

Washegari da safe Mama tana ɗaure mata gashi, sai ta tsaya cak. Jini ya kwanta a hannun Auta. Mama ta ɗaga rigarta, ga wani tabon a baya, ga wani a kafaɗa.

"Malam, zo ka gani!"

Baba ya duba, ransa ya ɓaci. Ya ƙwala wa Yaya kira.

"Haka ake riƙon ƙanwa? Ka mai da ita ganga?"

"Wallahi Baba, hannunta kawai na riƙe."

"Hannu ka riƙe, tabo ya fito a baya? Kawo ƙwallon nan. Ba kai ba fita wasa."

Yaya ya juyo ya kalli Auta. "Ki faɗa musu mana."

Auta ta sunkuyar da kai. Ba ta san daga ina tabon ya zo ba, amma ta san Yaya bai doke ta ba. Tsoro take ji kada a ce a duba jikinta duka, a kai ga safa. Sai ta yi shiru.

A aji, ana tsakiyar lissafi, jini ya ɗiga a kan littafinta. Haɓo ne. Malama ta zaunar da ita, ta matse mata hanci. Aka daɗe, jinin bai tsaya ba. Malama ta taɓa goshinta, ta ji zafi rau.

"Wannan ya wuce ni," in ji Malama. Ta kira Baba a waya.

Baba ya zo da baƙin mai a hannunsa, ko wankewa bai tsaya yi ba. Suka wuce asibiti. Mama da Yaya suka same su a can.

Likita ta tsayar da haɓon, ta sa aka ɗebi jini aka auna. Da sakamako ya fito, ta jawo kujera ta zauna kusa da gadon.

"Auta, ƙwayoyin cuta sun shiga jikinki. Ta wace ƙofa suka shiga? Kin ji ciwo a wani wuri?"

"A'a," in ji Auta, muryarta ƙasa-ƙasa.

"Ki yi tunani da kyau. Idan ban san ƙofar ba, zan daɗe ina nema. Su kuwa ba za su jira ni ba."

Auta ta dubi Mama, ta ga idonta ya yi ja. Ta dubi Yaya, yana tsaye a bakin ƙofa kamar baƙo. Sai ta fashe da kuka, ta zare safar.

Mama ta dafe ƙirji. Ciwon ya kumbura, ya tara mugunya.

"Na shiga filin ƙarafa ne. Fure zan tsinko wa Mama. Kuma Yaya bai doke ni ba."

"To, tabon nan fa, Likita?" Baba ya tambaya.

Likita ta kalli hannunsa, ta yi murmushi. "Malam, wace sana'a kake yi?"

"Faci."

"To, kai za ka fi kowa ganewa. A cikin jini akwai wasu 'yan ƙanana, ido ba ya ganinsu. Aikinsu irin naka ne. Duk inda jijiya ta huje, su ruga su liƙe. Akwai kuma sojojin jiki, masu yaƙi da cuta."

"Har da sojoji a cikina?" Auta ta tambaya tana share hanci.

"Runduna guda. Ƙwayoyin da suka shiga ta ciwon nan suna fitar da dafi. Dafin ya tayar wa sojoji da hankali, ya kuma shafi masu facin. A cikin hargitsin, sojoji suka riƙa kwashe masu faci tare da abokan gaba. Wasu kuma suka ƙare a wurin aiki. Yanzu kaɗan suka rage."

Baba ya gyaɗa kai a hankali. "Ga huda, ba mai faci."

"Shi ke nan ka gane. Shi ya sa haɓo ya ƙi tsayawa. Shi ya sa ko matse ta aka yi kaɗan, sai jini ya kwanta. Ba duka ba ne. Kun zo da wuri, za ta warke in sha Allahu."

Mama ta sauke wata doguwar ajiyar zuciya.

Baba ya taka zuwa bakin ƙofa. Ya dafa kafaɗar Yaya.

"Na yanke maka hukunci ban bincika ba. Ka yi haƙuri."

"Ba komai, Baba." Yaya ya share ido da bayan hannu. "Amma ƙwallona fa?"

Duk suka yi dariya, har Likita.

Aka wanke ciwon, aka yi wa Auta allurai. Ta yi ihu sosai.

"Da kin faɗa ranar farko," in ji Mama, "da tuni an wuce wurin."

Kwana shida ta yi a asibiti. Kullum ana auna jininta, kullum Yaya yana tambaya, "Likita, masu facin sun dawo aiki?"

A rana ta shida Likita ta ce, "Sun dawo, har sun cika rumfa. Ku tafi gida."

Da suka isa gida, Auta ta tsaya a tsakar gida tana kallo. Ga tsohuwar tayar nan a gindin taga, da ƙasarta da jan furenta. Baba ne ya ɗauko ta. A kan taga kuma, kofin Mama ya samu fure guda.

Mama ta kalli Baba, sannan ta kawar da kai tana murmushi.

Auta ta kama hannun Yaya. "Ka yafe mini. Na yi shiru aka hukunta ka."

"Na yafe. Amma abin goge rubutun nawa ne."

Tun daga ranar Auta ba ta ƙara ɓoye ciwo ba, komai ƙanƙantarsa. Ta gane cewa ciwon da aka ɓoye girma yake yi. Ta kuma gane cewa shiru a kan gaskiya yana cutar da wanda bai yi laifi ba.