Wa Ke Riƙe Da Sitiyari A Kwanar Kalgo?

Kulu na isowa bakin rijiya mata suka janye gugansu, kowace ta kama hannun ɗanta. Wata tsohuwa ta tofar da yawu ta ce, "Ɗebi naki can gefe, ɗiyata. Mijinki farfaɗiya gare shi, kada ki shafa muna!" Kulu ta gyara goyon 'yarta Hassana, ta ɗauki tulunta babu ko ɗigon ruwa a ciki, ta juya hawaye na gangarowa har bakin zanenta... Allah sarki!

Mijin nata, Siddiƙu, maraya ne. Ƙanen mahaifinsa Alhaji Bawa ya riƙe shi a Gwandu, da ya sayi babbar motar ɗaukar gyaɗa kuma ya damƙa masa tuƙi, domin ɗan Alhajin na cikinsa, Basharu, gaggawa gare shi. Ranar da abin ya faru, a kakar shekarar 1956, su biyu ne a gaban mota. Siddiƙu ya tuna zazzaɓi ya rufe shi tun daga Kambaza, ya tuna Basharu na cewa, "Kawo in karɓe ka." Daga nan sai duhu. Da ya farfaɗo a gida, kai a naɗe da tsumma, sai aka gaya masa wai shi ke tuƙi, ciwo ya buge shi a kwanar Kalgo, motar ta bi ta kan wata Bafillatana mai tallan nono, Zulai, ta daki tsamiya.

"Baffa, Basharu na ba sitiyari..." in ji Siddiƙu.

"Rufe min baki!" in ji Alhaji Bawa. "Da idona na ga kumfa bakinka. Na rufa maka asiri gaban alƙali anka ce ƙaddara ce, shi ne za ka saka min da ƙazafi ga ɗana?"

Aka karɓe lasinsa, aka fitar da su daga gidan. Abin tausayi, ba su sami mafaka ba sai wata bukka a bayan Kalgo, daf da kwanar nan. Wurin ba ya daɗin zama. Da tsakar rana, sa'ad da ko tsuntsu ba ya kuka, sai warin nono mai tsami ya taso daga gindin tsamiyar, alhali tuni damina ta wanke ƙasar. Shanu kan toge a nan, sai makiyayi ya kewaya da su ta cikin gona. Siddiƙu yakan zauna bakin bukka ya ƙura wa tafukan hannunsa ido, har ya fara shakkar kansa.

"Kulu, in dai ni ne fa? In dai hannuwan nan ne?"

"Wallahi Maigida, ba kai ne ba! Tun da anka kawo ni ɗakinka ban taɓa ganin ka faɗi ba. Allah na nan..."

Ana cikin haka Hassana ta kamu da ciwon ƙirji. Kulu ta tsaya bakin hanya tana ɗaga wa motoci hannu a kai ta asibiti, sai ga Basharu cikin motar da aka gyara, shi ne direba yanzu. Ta durƙusa tsakiyar turɓaya tana kiran sunansa, ya zo ta hagunta ya wuce, ko kai bai juyo ba! Kafin la'asar yarinya ta cika a hannun uwarta. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un! Mutane ƙalilan suka zo jana'iza, su ma nesa-nesa suka tsaya da uban.

Bayan damina aka yi shela cewa duk direban babbar mota sai likita ya duba shi ya ba shi shaidar lafiya kafin a sabunta masa lasin, likitan kuwa zai sauka a ɗakin shan magani na Gwandu. Kulu ta kama ƙafar mijinta tana kuka. "Mu tafi a duba ka. In ciwon na nan mu sani, in babu shi duniya ta ji!"

A ƙafa suka je. Direbobi suka dare suka bar masa benci shi kaɗai. Likita ya haska idanunsa, ya saurari ƙirjinsa, ya yi wa Kulu tambayoyi ta bakin malamin asibiti, sannan ya ce bai ga alamar komai ba sai tabon rauni a kai.

Aka kira Basharu, ya shigo yana taƙama. Aka rufe masa idon dama aka ce ya faɗi abin da ke jikin bango. Bai ga komai ba... Ashe idon hagunsa ya daɗe da mutuwa, shi da ubansa kaɗai suka sani! Likita ya ce ya tuɓe riga. Ya ƙi, sai da dogari ya matso. A ƙirjinsa ga wani baƙin tabo a lanƙwashe kamar bakin faifai, haƙarƙari biyu sun ɗore a karkace.

Malamin asibiti ya ce, "Likita na tambaya, yaushe sitiyari ya buge ka haka?"

Basharu ƙofa yake kallo, inda babu kowa sai hasken rana. Sai ya ɗaga murya: "Ku ce ta sauke ƙwaryar nan... ku ce ta bar kallona! Zulai, ban gan ki ba, ta hagu kika fito! Baba ne ya ce a ɗora wa maraya!"

Salati ya kaure. Alhaji Bawa da ke bakin taga ya zame ƙasa, hularsa ta faɗi, ba wanda ya ɗauko masa. Alƙali ya sake zaman shari'a, aka tura Basharu gidan yari, aka sayar da motar aka biya dangin Zulai diyya, Alhajin kuwa ko sahun masallaci ya shiga sai na kusa da shi ya kau da kai. Wani attajirin Kalgo ya aiko a kira Siddiƙu ya karɓi sabuwar motarsa.

Amma ranar da aka miƙa masa shaidar lafiyarsa, Siddiƙu bai ko dubi takardar ba. Ya fito ya sami Kulu a inuwar bango, ya durƙusa gabanta kamar ƙaramin yaro.

"Kulu... ashe ban kashe kowa ba?"

Ta gyaɗa kai. Suka fashe da kuka su biyu, direbobin da suka guje shi da safe suka taso ɗaya bayan ɗaya suna miƙa masa hannu.