Mai Jiran Bakwai

"Ba zan ba wa mai jiran bakwai 'yata ba!"

Baba ya buga cokali a tebur har romon wake ya fantsamo mini a riga. Litinin ce, ranar wake da shinkafa a gidajen New Orleans, kuma ranar da na fara kawo Lucien gidanmu.

"Baba, don Allah..."

"Yi mini shiru, Coralie! Kai, samari, in tebur ya kaure da ihu kowa na ci, kai me kake yi?"

"Asara nake yi, Baba," in ji Lucien a hankali.

"In bakwai ta faɗo ta share kowa fa?"

"...Sai in ci."

"To kin ji da kunnenki! Mutumin da abincinsa ke cikin kukan jama'a!"

Lucien ya miƙe, ya yi godiyar abinci, ya fita. Na bi shi ina kuka.

Ni ce mai riƙe sanda a teburin ƙwayoyin ludo na wani gidan caca a bakin kogi. Ni ke tura wa mai jifa ƙwayoyin nan biyu, ni ke faɗin lambar da ta fito. Mai jifa kan kafa lambarsa a jifan farko, ba ya ci sai ya maimaita ta kafin bakwai ta zo. Kowa bayansa yake bi, ko sunan bakwai ba a son ji a wurin.

Lucien kaɗai ke tsayawa a kusurwa yana sa kuɗinsa a kan bakwai za ta riga zuwa.

Makanikin jirgin fito ne. Duk Asabar da rana zai zo da ɗan abin da ya ware, ya yi awa guda, ya tafi. Ana hararar sa, ana zagin sa. In ya ci ba ya murmushi, in ya faɗi ba ya tsaki. Wannan natsuwar ce ta sace zuciyata.

"Me ya sa kake son a tsane ka?" na tambaye shi wata rana a kan jirgi, muna tsallaka kogin Mississippi.

"Ba tsana nake nema ba, zumata. Cikin hanyoyi talatin da shida da ƙwayoyin nan ke faɗuwa, shida na bakwai ne. Babu lambar da ta kai ta."

"Sha biyu fa, da nake tallatawa a tsakiyar tebur?"

Ya yi dariya. "Hanya ɗaya tak! Duk wanda kika ga yana jefa kuɗi a tsakiya, ki tausaya masa. Gidan ne ke ci a ƙarshe, ko ta wane gefe ka tsaya. Ni dai a hankali nake so a ci ni."

"To ni fa? Hanya nawa gare ni?"

"Ke ai duka talatin da shidan naki ne..."

Desmond, shugaban teburanmu, ya daɗe yana nemana ina ƙi. Shi ya riga mu zuwa wajen Baba da labari. Baba kuwa tun yana yaro yake jifa a lungunan unguwa, a wajensa wanda ba ya bayan mai jifa maci amana ne.

Na yi kuka, na daina cin abinci. Da ƙyar Baba ya sauko, amma da sharaɗi.

"Ya ɗauki ƙwaya da hannunsa, ya tsaya cikin mutane kamar namiji. In gani da idona."

"Kada ka je, masoyi," na roƙi Lucien. "Zai haƙura da kansa."

"Sau ɗaya ne, Coralie. Saboda ke."

Ranar hutuna muka tafi wani gidan caca a garin Biloxi mu uku. Lucien ya ɗauki ƙwayoyin.

Ya kafa takwas. Ya maimaita ta.

Ya kafa huɗu, mai wuyar dawowa. Ta dawo!

Tebur ya hargitse. Wata tsohuwa ta sumbaci hannunsa. Mutanen da ba su taɓa ganinsa ba suna kiran sunansa, "Lucien! Lucien!" Baba ya rungume shi yana tsalle.

"Ɗana! Wannan ɗana ne! A sa ranar aure!"

Na dubi fuskar Lucien. Ban taɓa ganin ta da haske irin wannan ba. Maraya ne, a hannun 'yan uwa ya tashi, ba wanda ya taɓa yi masa tafi.

Na yi murna ranar. Allah ya sani na yi murna.

Asabar ta gaba bai koma kusurwarsa ba. Awa guda ta zama yini. Asabar ta haɗa da Lahadi, ta haɗa da Talata. Tunda akwai zobensa na baiko a hannuna, doka ta hana ni aiki a teburin da yake, sai dai in jiyo muryarsa daga nesa yana ihu.

Desmond kuwa ya mayar da shi babban baƙo. Abinci kyauta, ɗaki kyauta, in ya kwana biyu bai zo ba har waya yake masa.

"Me kake nufi da shi?" na tare Desmond.

"Ni? Karrama angonki nake yi, ranki ya daɗe."

Aka sallami Lucien daga jirgi saboda fashin aiki. Ya sayar da akwatin kayan aikinsa. Na same shi a ɗakinsa yana ta gwada jifa a kan gado.

"Na gano yadda ake riƙe su, zumata. In na ninka kuɗin bayan kowace faɗuwa, dole ta dawo..."

"Dole? Kai fa ka ce mini ƙwaya ba ta tuna jifan baya!"

"Ba ki ji yadda suka kira sunana ba?"

"Ni ma ina kiran sunanka, Lucien! Kullum!"

Ya sake tattara ƙwayoyin.

"Zaɓi," na ce. "Ni ko tebur."

"Ki ba ni zuwa Asabar..."

Na cire zoben, na ajiye a gefen ƙwayoyin. Na tsaya a bakin ƙofa ko zai kira ni. Ƙarar jifa na ji.

Da Desmond ya ga yatsana ba zobe, a makon ya mayar da ni teburin Lucien.

Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Na tura masa ƙwayoyin da sanda, ina jiran ya ɗago.

Bai ɗago ba. Ya cillo kuɗinsa na ƙarshe tsakiyar tebur.

"Sha biyu, 'yammata! Sa mini a sha biyu!"

Na sa masa. Aikina ne.

Ƙwayoyin suka bugi bango suka tsaya. Huɗu da uku.

"Bakwai..." na ce. Ban san muryar ta fita ba sai da na ga ana kwashe kuɗin.

Ya juya ya kutsa cikin mutane. Ranar na ajiye sandar, ban sake ɗauka ba.

Da yamma na tarar da Baba zaune a barandar gida. Ya dubi idona. Ya matsa mini wuri, na zauna, na kifa kai a kafaɗarsa.

Ya dafa kaina.

"Lafiyayyen yaro kika kawo mini, Coralie, ni kuwa..."

Bai iya ƙarasawa ba.