Allunan Nakiya a Hanyar Keke

Ranar Lahadi da safe Ljerka ta bugo waya caji ofis, ko gaisuwa babu. Ita ce ke riƙe da masaukin 'yan keke a tsohuwar tashar jirgin ƙasa, kuma ba mace ce mai kururuwar banza ba.

"Fadil, an sace allunan nakiya na gangaren bayan kogo. Ko ɗaya ba a bari ba."

Sufeto Fadil Šarac ya ajiye kofinsa bai kurɓa ba. Duk wanda ya tashi a wannan yanki na Hercegovina ya san jajayen allunan nan masu hoton ƙoƙon kai. Tun da aka gama yaƙi suke tsaye inda ba a kwashe nakiya ba, sun zame wa mutane kamar turakun lantarki. Sai da aka cire layin dogo, aka zuba tsakuwa, aka ce hanyar keke ce ban da mota, sannan baƙi suka fara kwararowa.

Ya tarar da Ljerka tana safa da marwa a bakin tasha.

"Akwai masu tahowa yau?"

"Ƙungiya guda daga Sarajevo. Tun ɗazu suka taso ta wancan ƙarshen. Na kira, na kira, ka san babu sabis a kwarin."

Ya kira ofishin cire nakiya, suka ce sai bayan azahar za su iya turo mutane. Ya ce a tare hanya ta can, aka ce masa ai sun riga sun shiga.

"Ba ni keke."

Ljerka ta dubi tumbinsa. "Kai? Yaushe rabonka?"

"Ba ni dai."

Gaskiya abin ba kyan gani. Tsakuwa na zame masa, gwiwa na ƙara, ya ratsa kogon da jirgi ke bi ta cikin dutse a da, yana zagin wanda ya hana mota shiga. A gangaren ya sauka, bai bar kan tsakuwa ba, ya leƙa inda turakun suke a da.

Ba finciko su aka yi ba. An murɗa kowanne a hankali an zare, an toshe ramin da dutse. Mai sayar da tsohon ƙarfe ba ya wannan ladabi. Ga kuma sawun baro mai taya ɗaya ya miƙe gaba.

Ya ɗaure jan ƙyalle a bakin hanya, ya bi sawun.

Bai yi nisa ba ya ci karo da awakin Obren sun cika hanya. Makiyayin na zaune a ƙofar bukkarsa, kuma rufin ɗakin karensa jan allo ne, ƙoƙon kai na kallon sama.

"Maƙwabci, ina ka samo wannan?"

"Wanne? Au, wannan. Iska ce ta kawo."

"Iska mai guduma da ƙusa?"

"To, ruwa ne. Zauna mana a dafa kofi, ka ga yadda kake haki kamar tsohon jaki."

"Obren, mutane na tahowa. Zan tafi da kai har da karen."

Obren ya tsuke fuska. Allon dai ya yi tsatsa, harafinsa duk ya goge, ya daɗe a kan ɗakin nan. Fadil ya gani, amma bai sassauta ba.

"Nawa tsoho ne, na rantse da 'ya'yana. In sababbi kake nema, je kufai. Sun tsiro can kamar ciyawa. Ni abin har dariya ya ba ni. Nakiya a kufai? Awakina sun tattake wurin tun kafin ka zama ɗan sanda, ko ƙafa ɗaya ba ta tashi ba."

Kufan gidaje ne da aka ƙona lokacin yaƙi, dab da hanya, ba rufi, bishiyoyi sun fito ta tagogi. Gida ɗaya kawai aka kewaye da allunan, reras. Fadil ya shiga. An share dokin ƙofa tas, an ajiye furanni cikin gwangwani.

Ya duba ɗaurin. Ba waya aka sa ba, ɗanyen reshe ne aka murɗe aka cusa bakinsa, yadda tsofaffin manoman inabi ke ɗaure kurangarsu. Sannan ya ja da baya ya dubi allunan gaba ɗaya. Sun fi ramukan da ya gani yawa, nesa ba kusa ba. Ke nan akwai wani wurin da aka tsiraita, kuma bai san ko ina ne ba.

Mai gidan kuwa ba ya buƙatar tambaya. Kowa ya san gidan su Dervo Puzić ne, inda uwarsa da ƙanwarsa suka ƙone.

Dervo na cikin gonar inabinsa a bayan kufai, dattijo busasshe, da damin rassa a ɗamara. Baro na jingine a gefe.

"Sannu da aiki, Kawu."

"Fadil ɗan Hajra. Keke? Mutuwa kake nema?"

"Wa ya kafa alluna a gidanku?"

"Gwamnati mana. Wa ke kafa su?"

"Gwamnati ta koyi ɗaurin inabi ke nan."

"Ƙila ta yi hankali."

Fadil ya ji kamar ya shaƙe shi, ga kuma tausayi na cin sa. Ya matso har yana jin warin tabarsa.

"Ban zo don gangaren kogo ba, na ɗaure can. Ina ka tuge sauran?"

"Ban tuge komai ba."

"Kawu Dervo, yara na kan hanya yanzu haka. Yawancinsu bayan yaƙi aka haife su."

"Ai na san su!" Muryar tsohon ta fashe. "Su zo da matsattsun wanduna su zauna a dokin ƙofar uwata suna cin ayaba. Su ɗauki hoto suna dariya. Na kama wani yana fitsari a ɗakin da aka tsinci ƙanwata Šefika. Na yi magana, na rubuta, na kafa ƙaya. Jan allo kaɗai suke tsoro."

"Sai ka cire daga inda nakiyar take."

"Wa zai shiga can? Har akuya ta san ba a shiga. Kowa ya sani."

"Kowa wa? Su wa ya gaya musu?"

Rassan da ke hannun Dervo suka zube.

"Ƙarƙashin gada," ya ce a hankali. "Wajen ɓauren nan."

Fadil ya rufe ido. A gadar nan kowane ɗan keke ke tsayawa, ga ɓauren ya nuna.

Ya ɗora tsohon a bayan keke. Yadda suka isa ba tare da sun faɗi ba, shi kansa Fadil bai sani ba. Tun daga nesa ya hango kekuna jingine a ƙarfen gada, mutane na shan ruwa suna hira. Can ƙasa, cikin dogayen ciyayi, wata budurwa mai rigar ruwan ɗorawa tana cika hular kwanonta da ɓaure.

"Ke! Tsaya inda kike! Kada ki ɗaga ƙafa!"

Ta juyo tana murmushi, ta ɗauka mai gona ne. Da ta ji kalmar nakiya sai hular ta suɓuce mata. Wani saurayi ya zabura zai sauka, Fadil ya cafke shi ta wuya.

"Lamija!" saurayin ke ihu. "Lamija, kar ki motsa!"

Masu cire nakiya kuwa sai bayan azahar. Ba za ta kai azahar a tsaye ba.

Dervo ya cire takalmansa.

"Ina za ka?"

"Ni na binne su, Fadil. Da hannuna, ina soja. Layi-layi ne, na san tsakaninsu."

Kafin a riƙe shi ya sauka. Yana takawa a hankali, yana tsayawa, leɓɓansa na motsi. Da ya isa ya durƙusa ya ba ta baya.

"Hau, 'yata. Rufe ido. Ai ba ki fi buhun inabi ba."

Ya juyo da ita yana sa ƙafa cikin sawun kansa. A tsakiya ya tsaya cik, ya daɗe. Sannan ya ci gaba, ya hauro, ya sauke ta a kan tsakuwa. Ta zube tana kuka, abokanta suka rufe ta.

Wasu suka fara tafa wa tsohon. Bai dube su ba. Ya zauna a bakin hanya, ya miƙa wa Fadil hannu biyu.

"Ni na sace allunan, na kogo da na nan. Rubuta haka."

Fadil ya ciro ankwa, ya tsuguna kusa da shi. "Me ya tsayar da kai a tsakiya?"

Dervo ya sassauta murya don kada yarinyar ta ji.

"Dutsen da nake ƙirga daga gare shi ba ya nan, ruwa ya tafi da shi. Tun ina shiga na ɓata. Takawa kawai na yi, Fadil. Da na juyo ma ciyawa ta tashi, ban ga sawuna ba."

Fadil ya sa masa ankwar, sai da ya gwada sau biyu kafin ta kama. Ya bar keken a gada, ya ce kada kowa ya sauka daga kan tsakuwa. Ya ɗauki takalman Dervo ya sa masa da kansa, suka kama hanya a ƙafa.