La'asar Ɗin Sarkin Karta

Ranar Alhamis da hantsi aka kira Malam Isiyaku ofishin kamfaninsu na masu gadi, aka ajiye masa takardu uku. Ta farko hoton katin zamansa ne na Katar. Ta biyu shafin wani asusun cacar karta ne ta intanet, irin wadda ake ce wa foka, an buɗe shi da katin nan nasa. Ta uku saƙonni ne da wani mai kiran kansa Sarkin Karta yake tura wa 'yan Arewa a waya, yana sayar musu da dabarun cin gasa. Manaja ya ce caca laifi ce a ƙasar nan. In Lahadi ta yi bai kawo wanda ya aikata ba, za a soke masa biza a sa shi a jirgi.

Mutumin da ko ludo ba ya yi. Shekara tara yana gadin wasu gidaje a Ain Khaled, shi ke jan sallah a ɗakinsu na Mu'aither. Komawa gida ba ta dame shi ba kamar a ji a Gumel cewa caca ce ta koro Isiyaku.

Sai ya kira Nasira, 'yar yayarsa, wadda ke digiri na biyu a fannin ƙididdiga a nan Doha. Wata uku ke nan tana fama da kundinta, ta gaji da lambobi har ba ta son ganin kalanda. Amma Kawu ne ya riƙe ta tun tana ƙarama, don haka ta ɗauki kwamfutarta ta fito.

Bayan magariba suka haɗu a wani shagon shayi da ke bayan masaukin. Su huɗu ne ke kwana a ɗakinsu Isiyaku, duk sun zo, kuma a cikin akwati mara kwaɗo Isiyaku ke ajiye kwafin katinsa. Nasira ta fara da Ɗantala direba, wanda ya kai ƙara.

"Kai ka sayi shawarar?"

"Ni ne, Malama. Na bi ta tiryan-tiryan, na kwanta, kuɗina suka tafi. Da na matsa masa ya nuna min shaidar shi gwani ne, sai ya turo min tarihin wasanninsa gaba ɗaya. A kai na ga sunan Baba Isiyaku, raina ya ɓaci, na wuce ofis." Ya sunkuyar da kai. "Ban yi tunani ba."

"Turo min. A ina kake sallah in kana aiki?"

"Duk inda ta same ni. Wani lokacin sai na sauke mai gida."

Mashud, mai wanke-wanke a wani otal, ya ce su tun daga ƙofa ake karɓe musu waya, sai an tashi. Suraj, ƙaraminsu, mai gadin wani gini da ake yi a Lusail, ya amsa kafin a tambaye shi.

"Ni Anti, shida zuwa shida ina bakin get. Sallah kuwa cikin jam'i, tambayi Baba."

"Haka ne," in ji Isiyaku. "Ba ya wasa da ita."

Nasira ta rufe littafinta. Ta ce su dawo gobe bayan Juma'a.

Washegari ta zo idanunta sun yi luhu-luhu. Ta buɗe kwamfutar, ta juya musu ita, ba ta ko taɓa shayin da aka kawo mata ba.

"Mu fara da gwanintar," ta ce. "Gasa ɗari huɗu da goma sha ɗaya ya shiga, ya ci uku. Ukun nan yake ta nuna muku. Da za a ba akuya waya ta dinga dannawa sau ɗari huɗu, ita ma za ta ci wani abu. Ya ce in aka raba maka karta mara kyau, ka dinga jefar da hannun da wuri, ko, Ɗantala?"

"Haka ya ce."

"Shi kuma cikin kowane hannu goma, bakwai yake shiga. Shawarar ma kwaso ta ya yi a wani wuri, ko shi bai bi ta ba."

Ɗantala ya shafa ƙeya. Isiyaku ya ce, "Nasira, ni duk wannan bai fitar da ni ba."

"Ina zuwa, Kawu. Kowane hannu da aka raba, an rubuta lokacinsa. Mutumin nan yana zama awa biyar, awa shida a kan wasa da rana tsaka. Direba ba shi da wannan zaman. Mashud kuma wayarsa tana kulle. Saura masu gadi biyu."

Ta buɗe wani shafin.

"To a kullum akwai wurare uku da yake ɓacewa na kamar minti goma. A raba masa karta, bai taɓa ba, har na'ura ta jefar masa. Sau biyu ma da hannu mai kyau ƙwarai. Na daɗe ina tunanin me zai ta da ɗan caca daga kan irin wannan hannu. Sai na ɗauko jadawalin sallah na Doha na jera su." Ta nuna da yatsa. "Ga azahar, daidai. Ga magariba, daidai. La'asar ce ta ƙi. Ana kiranta uku saura kwata, shi kuma sai wajen uku da rabi yake tashi. Wata biyu cur, bai taɓa saɓawa ba. Kawu, kai yaushe kake la'asar?"

"Da an kira. Masallacin yana kallon get ɗina, liman ma shaida ne."

"To wa ke jinkirta ta kullum, kuma da tazara iri ɗaya?"

Isiyaku ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa, ya yi ta kallonta. Da ya yi magana, muryarsa ta yi ƙasa.

"'Yan Pakistan. Su a mazhabarsu sai inuwa ta ƙara tsawo. Ranar da aka kai yaron nan Lusail ya zo ya ce min babu masallaci kusa, sai leburorin Pakistan da ke shimfiɗa kwali su yi jam'i, amma suna makara da la'asar. Ya ce ko ya dinga yin tasa shi kaɗai? Na ce a'a, ka bi su, jam'i ya fi."

Suraj ya dubi ƙofa, ya ga Ɗantala ya riga ya ja kujerarsa ya tare wajen.

"Baba, katina na wajen kafil, mai ɗaukar nauyin zamana, ana sabuntawa, sai na ɗauki naka," ya ce daga ƙarshe. "Na ce na kwana biyu ne, in na ci sai in rufe. Wallahi ban ɗauka zai kai ofis ba."

"Jiya kana zaune na ce Lahadi za a sa ni a jirgi," in ji Isiyaku. "Ka sha shayinka har ka ƙara."

Nasira ta rufe kwamfutar. Ta zaci za ta ji daɗi, sai ta ji gajiya kawai, da tausayin Kawu, wanda a duk shawarwarin da ke cikin wannan magana tasa ce kaɗai ta gaskiya, kuma ita ta kama yaron da ya ba.

"Lahadi da safe za ka je ofis ka faɗa da bakinka," in ji Isiyaku. "In ka ƙi, Nasira ta kai musu wannan. Khalas, magana ta ƙare."

Daga masallacin bayan layi aka fara kiran la'asar. Isiyaku ya mayar da hularsa, ya miƙe da ƙyar yana dafa tebur. Har ya kai ƙofa, ya juyo ya ga Suraj bai motsa ba.

"Tashi mana," ya ce. "Ita kaɗai ce ba ka ci amanarta ba."